Lasifikar Ƙofar Dama

Abatcha ya zura bakin sukundireba a gefen dashbod, ya ɗan murɗa, robar ta ce ƙas. Muktar yana tsaye a bayansa rungume da kwalin sabon rediyo. Da a watan jiya ne, da tuni ya daka masa tsawa, domin motar nan ko akuya ce ta goga jikinta da ita sai ya fito da tsumma. Yau kuwa kallo kawai yake yi, kamar motar wani ake ɓarewa.

"Kada ka damu, Malam, haka take kuka," in ji Abatcha. "Wannan aikin ido rufe ma zan yi shi. Motocin Machina, na Yusufari, duk nan ake kawo su."

"To."

"Kafin la'asar kana hanyar Gashuwa, sauti yana tashi kamar gidan biki."

Rumfar Abatcha mai wayarin tana bayan tsohuwar tashar jirgin ƙasa ta Nguru, a ƙarƙashin wata darbejiya da zafin bazara ya ƙone wa rabin ganye. Mutum ne gajere mai faɗin kafaɗa, bakinsa ba ya hutawa, kullum da guntun salatif manne a bayan hannunsa. Muktar ya ajiye kwalin a kan benci, ya nuna cikin motar da haɓa.

"Abu ɗaya zan roƙe ka. Kujerar nan ta gaba, kada a taɓa ta."

Abatcha ya leƙa. Kujera ce kamar kowacce, sai dai an tura ta baya har ƙarshe, an kwantar da bayanta rabi, ga wani ɗan matashi mai rigar atamfa a kai.

"An gama, Malam. Ni aikina tsaf yake."

Kujerar Karima ce, matar Muktar. Shekaranjiya aka yi sadakar bakwai ɗinta. Ciwon ƙoda ne, irin wanda ya addabi Gashuwa har mutane suka daina tambayar me ya kashe wane, sai dai su tambayi tun yaushe yake zuwa wanki. Shekara guda da wani abu Muktar yana ɗauko ta daga Gashuwa zuwa babban asibitin Nguru, a ɗaura ta a inji, a wanke mata jini, ya mayar da ita gida kamar an matse tsumma. Ta daɗe tana gwada kujerar nan kafin ta samo inda ya yi mata daidai. In ta miƙe sosai jiri ya ɗebe ta, in ta kwanta sosai numfashi ya sarƙe, ga ƙafafu a kumbure suna neman wurin miƙewa. Ranar da ta dace sai ta ce, "Yauwa! Baban Bushra, duk wanda ya taɓa min wannan kujera, ni da shi ne. Tunda an ce ta mai zaman banza ce, to a bar ni in yi zaman banzana cikin kwanciyar hankali."

Matan gida kuwa, Allah ya saka musu, ba su yi wata-wata ba. Kafin ya farga yayarsa Ya Hajja ta sa an wanke ɗakin fes, an naɗe zannuwa an raba, an kwashe kwalaben magani, an wanke labule har ƙamshin humrarta ya tafi. Sun ce don kada ya riƙa gani yana tunawa. Bai hana su ba. Bai yi kuka ba a asibiti, bai yi ba a maƙabarta, mutane har yaba masa suke yi da tawakkali. Shi dai ya san ba tawakkali ba ne. Ji yake kamar an yi masa allurar cire haƙori a jiki gaba ɗaya. Motar ce kaɗai ba wanda ya shiga ya gyara, don makullin yana aljihunsa. Ko jiya da Ya Hajja ta ce ya kai ta kasuwa, baya ya buɗe mata, ta dube shi, ta shiga.

Abatcha ya zaro tsohon rediyon daga raminsa, ya cire soket, ya ɗora shi a kan benci yana hura ƙura.

"Wannan ai tun daga Turai yake tare da motar. Me ya same shi?"

"Ɓangarena ya mutu. Ƙofar direba ba ta magana."

"Haka suke yi in sun tsufa. Ka huta da shi."

Muktar ya zauna a ƙarshen bencin. Hanyar ce take dawo masa, ba don ya kira ta ba. Fita bayan sallar asuba, ramukan da ya haddace, masu banda suna ɗora kwandunan kifi a bakin titi, shanu suna tsallakawa a hankali kamar titin na ubansu ne. Karima tana da faifan karatun Alƙur'ani guda ɗaya, na wani makaranci mai sanyin murya, shi take sawa tun daga ƙofar gida har ƙofar asibiti. Ta ce shi ne yake hana ta tunanin allurar. Wata safiya, dab da Jajimaji, bayan ya kwana yana mata fifita, ido ya ɗauke shi, motar ta gangara gefen titi har tayoyi suka shiga yashi. Ita ce ta damƙi hannunsa. Da suka tsaya, sai ya mayar da abin wasa, ya ce muryar malamin nan ce take shafa masa ido kamar ana lallashin jariri. Ta ce to a kashe. Ya ce ina, wallahi ba za a kashe ba, ita ce mai bukata. Ya sayi goro a Jajimaji suka ci gaba.

Karima malamar kimiyya ce a makarantar 'yan mata, kuma irin mutanen nan ne da ba sa ganin maɓalli su ƙyale. Ranar da aka kawo motar daga Kwatano, ita ta zauna da littafin motar, wanda ma ba da Turancin da suka sani aka rubuta ba, tana bin hotuna har ta saita agogo. Shi kam abin da ya sani a rediyon bai wuce kunnawa, ƙarawa da kashewa ba. Shi ya sa da ɓangarensa ya yi shiru daga baya, iyakar gyaran da ya iya shi ne ya riƙa dukan ƙofar da gwiwa. Ya ce zai canza rediyon. Ta ce, "Ka bar shi, ni ina ji. Rediyon nan lafiyarsa ƙalau." Ya san halinta, ba ta son a ɗora masa wani nauyi a kan wanda yake ɗauke da shi. Sai ya sa wani direba ya taho masa da sabo daga Kano, mai allo kamar waya, wanda ba ya tsalle in an faɗa rami. 'Yarsu Bushra, da take karatu a Damaturu, ta tura masa karatun malamin nan a waya don a riƙa sawa. Ya nuna wa Karima kwalin, ya ce wanki na gaba in an fito za su biya wurin mai wayarin. Ta yi dariya ta ce, "Kai dai ba ka jin magana." Ba a yi wanki na gaba ba.

Yau da safe ya buɗe but zai ɗauki tabarmin zaman makoki ya mayar wa masu su, sai ga kwalin. Ya tsaya yana kallonsa. Bai san lokacin da ya hau hanyar Nguru ba.

"Bismillah!" in ji Abatcha. "Malam, zo ka ga ikon Allah."

Ya murɗa makulli. Allon ya kawo haske, shuɗi da ja, wasu zane-zane suka yi ta juyi. Abatcha ya haɗa wayarsa, ya danna wata waƙar biki, ya ɗaga hannu sama yana shirin rausayawa. Sandunan da suke nuna sauti suka fara tsalle a allon, lambobi suna tafiya. Amma ko ƙis ba a ji ba. Ya ƙara murya har ƙarshe. Shiru, sai kukan wata tunkiya a bayan rumfa.

"Kai! Wannan kuma wane irin iskanci ne?"

Ya kashe, ya kunna. Ya zaro fis ya ɗaga shi sama ya duba, ya mayar. Ya ɗauko 'yar fitilar gwaji yana tsikarar wayoyi ɗaya bayan ɗaya, tana kamawa tana mutuwa. Gumi ya jiƙa masa wuyan riga. Babagana mai faci, maƙwabcinsa, ya taso daga inuwa yana sakace.

"Jabu ne," in ji Babagana. "Kayan Kano sai a hankali."

"Kai da iska ka sani, me ya haɗa ka da wuta? Koma wurin tayarka."

Muktar yana kallon allon. Abin yana ta aiki, komai yana motsi yadda ya kamata, ba abin da yake fitowa. Bai ji haushi ba. Da Abatcha zai ce masa haka za a bar shi, da ya ce to.

Can sai Abatcha ya tsaya da ƙirga wayoyin soket ɗin da yatsa, ya ɓata fuska. Ya zagaya ta ɗaya ƙofar, ya durƙusa, ya kunna fitilar waya ya haska ƙarƙashin kujerar Karima, kumatunsa a kan kafet.

"Wushe, wushe!" ya yi sannu da Barbarci. "Ashe nan kika ɓuya." Ya ɗago yana haki. "Malam, motarka tana da amfilifaya tun daga kamfani. Ga ta can, wani ƙarfe mai kama da akwatin sabulu. Wayoyin lasifika ba sa zuwa wurin rediyo, wurinta suke zuwa. Rediyo ya yi mata magana, ita kuma ta yi wa lasifika. To ita tsohon ta sani. Wannan baƙo ne, ko sallamarsa ba za ta amsa ba."

"To yaya za a yi?"

"Sauƙi! A yanke ta. In kwance kujerar nan in fitar da ita waje, in ɗaga kafet, in datse wayoyin, in ja sababbi kai tsaye. Haka muke yi wa duk mai irin wannan taurin kai."

Har ya ɗauko filaya.

"A'a," in ji Muktar.

"Malam, ba wata hanya fa."

"Na ce ba za a taɓa kujerar ba. In ba zai yiwu ba, ka mayar min da tsohon."

Abatcha ya dubi Babagana, Babagana ya dubi sama. Mayar da tsoho a gaban mai faci, ai wannan abin kunya ne da za a yi shekara ana ba da labarinsa a bakin tasha. Ya share gumi, ya ce bari ya kira ogansa, Abdulganiyu, wani Bayarabe a Kano wanda a hannunsa ya koyi aiki. Suka yi ta magana, Abatcha yana "Eh, Oga," yana "To, Oga," yana tona kwalin da ɗaya hannun, har ya zaro wani ɗan baƙin akwati da bai fi na ashana ba, wanda tun farko ya jefar gefe tare da ledoji.

"Ka ga wannan? Tafinta ne. Shi zai tsaya tsakaninsu, ba sai an yanke komai ba. Oga ya ce akwai 'yan haƙora a jikinsa da za a saita, zai faɗa min yadda za a yi."

Daidai nan aka kira azahar. Abatcha ya ce Malam ya je ya samu jam'i, shi zai bi jam'i na biyu in ya haɗa wannan.

Masallacin yana tsallaken titi. Muktar ya yi alwala da ruwan da rana ta dafa a buta, ya bi liman, ya idar, bai iya tuna ko ya yi addu'a ba. Yana neman takalminsa sai ya ji an dafa kafaɗarsa. Bubayero ne, wani dattijon Bafulatani mai sayar da shanu, wanda matarsa take kwanciya a injin da yake kusa da na Karima. Sun sha zama a benci ɗaya a barandar asibiti suna raba goro.

"Malam Muktar! Kwana biyu. Ina ta cigiya. Yaya mai jiki?"

"Ta rasu."

Haka ya faɗe shi, kamar an tambaye shi ƙarfe nawa. Dattijon ya saki sandarsa ta faɗi, ya yi salati, ya riƙe hannun Muktar da hannu biyu, hawaye suna bin gemunsa.

"Wayyo Malama! Ita ce fa take ba matata Hajjo dariya in an zo sa allura. Shi ya sa na ga an ba wata mata daga Jakusko gadonta, na ce ko an canza muku rana ne. Allah ya jiƙanta, Allah ya sa ta huta."

"Amin. Na gode."

Muktar ne ya sunkuya ya ɗauko masa sandar, shi ne ma ya riƙa ba shi haƙuri. Yana tsallaka titi yana mamakin kansa. Ga bare yana kuka a kan matarsa, shi kuwa abin da yake ji kawai shi ne kwalta tana ƙona masa tafin ƙafa ta cikin takalmi.

Tun daga nesa ya hango matashin atamfar a kan rufin mota, an sa shi a cikin leda. Ya ƙaraso. Ƙofar dama a buɗe take. An turo kujerar gaba har ta kusa haɗuwa da dashbod, bayanta ya miƙe tsaye cak, an lulluɓe ta da wani farin ƙyalle. Abatcha yana tsugune a baya yana murmushi, waya a hannu.

"Oga ya ce sai ya ga lambar da take jikin amfilifayar kafin ya faɗi saitin, shi ne na ɗan matsar da ita na ɗauki hoto. Amma duba, Malam, ko ɗigon baƙin mai babu. Sai da na wanke hannu da omo, na rufe ta da sabon ƙyalle. Har ƙarƙashin na share maka, ka ga dattin da na kwaso kuwa?"

Muktar ya sunkuya a kan kujerar. Ya yaye ƙyallen. Ya kama ƙarfen ƙasa ya tura kujerar baya har ƙarshe, wannan mai sauƙi ne. Sannan ya ja mariƙin gefe ya fara kwantar da bayan. Ƙas. Ya ja da baya ya duba. Ya ƙara. Ƙas. Ya dawo da ita ɗaya. Kowanne ya yi kama da shi, kowanne kuma ba shi ba ne. Shekara guda yana ganin kujerar nan ta gefen ido, ashe bai taɓa sanin a wane gurbi take ba.

"Malam, lafiya?"

"Matata ce ta saita ta. Ba ta da lafiya, a nan kaɗai take iya zama." Ya saki mariƙin. "Shekaranjiya aka yi bakwai."

Murmushin Abatcha ya tafi. Ya dubi farin ƙyallen da yake ƙasa, ya dubi hannuwansa da ya wanke.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Malam, wallahi na ɗauka datti kake gudu. Wallahi tallahi da na sani..."

"Ba komai. Ƙarasa aikinka."

Kuma har ransa ba komai ɗin yake ji, abin da ya fi ba shi tsoro ke nan. Abu na ƙarshe da ya rage ya tafi, a hannun mutumin kirki mai omo da farin ƙyalle, shi kuma ko tsaki ya kasa yi. Ya koma benci ya zauna kusa da tsohon rediyon. Babagana ya kawo masa ruwan leda mai sanyi, ya ajiye a gefensa, ya koma wurin tayoyinsa sumui-sumui.

Abatcha ya ci gaba da aiki, a karo na farko bakinsa a rufe. Ya saita 'yan haƙoran da tsinken ashana yadda aka faɗa masa, ya jona ɗan akwatin, ya naɗe da salatif. Da ya zo gwaji bai sa waƙar bikin ba, ya kamo wata tasha da ake karanta labarai, sannan ya kashe motar. Ya murɗa makulli. Wani abu ya ce tik a ƙarƙashin kujera, sai ga murya ta fito.

"Alhamdulillahi," ya ce a hankali. Sai kuma ya karkata kai. Ya sa kunne a ƙofar direba. Ya buɗe ƙofofin baya ya saurara. Ya zagayo dama. "A'a. Ƙofa ɗaya ce take magana. Wannan ta gaban kaɗai."

"Na gaya maka ɓangarena ya mutu."

"Ai da na ce rediyo ne. To ga sabon rediyo." Ya shiga cikin allon yana jan wani ɗigo hagu da dama da yatsa, muryar ba ta gusa daga inda take ba. "To lasifikar ce ta ƙone. Bari mu gani."

Ya ɓalle murfin ƙofar direba, ya zare wayoyi biyu daga bayan lasifikar, ya ɗauko ƙaramin batir na tocila ya taɓa mata. Ta ce ɓup. Ya sake taɓawa. Ɓup.

"Ikon Allah. Malam, wannan da ranta. Garau take."

Ya sake kiran Kano, wannan karon ya buɗe muryar wayar don hannuwansa duka biyu suna cikin ƙofa. Muryar Abdulganiyu ta fito da ƙarfi, ana jin bugun guduma a bayansa.

"Abatcha, kai har yanzu ba ka canza ba! Kafin ka cire tsohon, ka duba inda aka karkatar da sautin?"

"Ban duba ba, Oga."

"Na sani ai. Irin wannan amfilifaya tana riƙe umarnin ƙarshe da tsohon rediyo ya ba ta. Wani ya shiga ciki ya tura sautin duka gaba, ya tura shi duka dama. Ita kuma tana nan a kan haka har gobe. Sabon ba zai iya canza mata ra'ayi ba, ƙara da ragewa kawai zai iya."

"Ko hannu ne ya goga, Oga?"

"Wane irin hannu? Sai ka danna maɓallin nan ka wuce wuri huɗu ko biyar kafin ka kai can, sannan ka murɗa. Wanda ya yi ya san abin da yake yi. Ba matsala ba ce. Tsohon tunda ka raba shi da wuta ya manta komai. Jona shi kawai ka kunna, shi da kansa zai mayar da ita tsakiya, sai ka cire ka sa sabon. Ka gaishe da mai motar."

Abatcha ya yi ajiyar zuciya, fuskarsa ta ɗan saki. Ga dama ta samu da zai gyara wani abu a yau. Ya zo benci ya ɗauki tsohon rediyon, ya shiga mota, ya zaro sabon ya kwantar a cinya, ya kamo soket.

Muktar yana zaune da ruwan ledar a hannu, bai fasa ba. Yana lissafin da ba ya so ya yi. Yaushe ɓangarensa ya yi shiru? Bayan Jajimaji ne. Ba a ranar ba, a tafiya ta gaba. Ya tuna ya fito daga sayen kati ya tarar da ita ta sunkuya a kan rediyon, da ta gan shi sai ta koma ta jingina ta rufe ido. Ya tuna yadda take kallon taga in yana dukan ƙofar da gwiwa, gefen bakinta yana motsi. Ta san in ta kashe karatun zai kunna, in ta faɗa masa zai ce a mayar. Sai ta kwashe muryar malamin gaba ɗaya ta kai ta ƙofarta, ta bar shi da idonsa biyu a kan titi. Kuma daga ranar bai sake gyangyaɗi a hanyar nan ba, yana ta yaba wa goro.

Bai san ya tashi ba. Ya dai ga hannunsa a kan wuyan hannun Abatcha, soket ɗin saura kaɗan ya shiga.

"Dakata."

"Malam, yanzu-yanzu za ta dawo daidai, duka ƙofofin..."

"Kada ka jona. Mayar da sabon. Bar ta yadda take."

"Ƙofa ɗaya fa ke nan, har abada. Kai da kake tuƙi ba za ka ji daɗinsa ba."

"Na sani."

Abatcha ya dubi hannun da ya riƙe shi, ya dubi kujerar, ya dubi ƙofar da muryar ta fito. Mutum ne mai surutu amma ba wawa ba ne. Ya janye soket ɗin a hankali, ya miƙa wa Muktar tsohon rediyon ta taga.

"To ka ajiye wannan nesa da motar. Kuma duk mai wayarin da ya ce zai yanke maka amfilifaya, ka ce Abatcha na Nguru ya ce a'a."

Ya mayar da komai, ya ɗaure dashbod, ya nuna masa yadda zai haɗa wayarsa. Ya ciro matashin daga leda da kansa, ya tsaya da shi a hannu bai san inda zai sa ba, sai Muktar ya karɓa.

Rana ta karkata lokacin da ya fita daga Nguru. Bai kunna komai ba. Ya wuce masu kankana, ya wuce shingen 'yan sanda, ya bi ramukan nan ɗaya bayan ɗaya. Sai da ya hango rumfunan Jajimaji sannan ya rage gudu, ya gangara gefen titi, wajen da yashi ya taɓa riƙe musu taya. Ya lalubo karatun da Bushra ta tura, ya danna.

Daga kujerar direba muryar can nesa take, siririya, kamar ana karatu a gidan maƙwabta. Haka ya saba jinta. Ya ja burkin hannu, ya fita, ya zagaya, ya buɗe ƙofar dama. Tunda aka sayi motar bai taɓa zama a nan ba. Ya zauna, ya rufe ƙofa, ya sa matashin a bayan wuyansa.

A nan muryar a cike take. Tana tasowa daga ƙofar, ta gefen gwiwa, ta lulluɓe mutum har ana jin numfashin malamin tsakanin aya da aya. Ashe abin da take ji ke nan duk safiyoyin nan, shi yana gefe yana tausayinta da lalataccen rediyo. Ya ja mariƙin ya kwantar da bayan kujerar, bai ƙirga ba, bai kuma damu ko nan ne ba. Wani abu ya taso masa daga ciki. Kewarta ce, tsagwaronta, ta zo masa gaba ɗaya. Ya kifa tafin hannu a kan ƙofar, inda take rawa da sautin, ya yi kuka irin wanda bai yi ba tun yana yaro, da murya, baki a buɗe.

Bai san tsawon lokacin da ya ɗauka ba. Ƙwanƙwasa gilas aka yi. Wani mai babur ne da buhun gero a baya, ya tsaya yana leƙe, ya ga mutum a kujerar mai zaman banza, ba kowa a sitiyari. Muktar ya goge fuska da hannun riga, ya sauke gilas.

"Sannu, Malam. Mota ce ta lalace?"

"A'a," in ji Muktar. "Lafiyarta ƙalau."